Tsawon Yini da Zafin Gari: Abin da Ke Sa Ciyawar Kiwo Fidda Kai

Gabatarwa

Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke ci duk ranar Laraba, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Kuɗin da bijimi ko rago zai yi a wannan kasuwa cikin watan Afrilu ko Mayu ya danganta ne ga abincin da aka tanadar masa tun ƙarshen damina. Ruwan sama a wannan yanki yakan zauna ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma a mafi yawan shekaru ba ya wuce milimita 600 zuwa 800. Sauran watanni takwas na shekara dabba tana dogara ne ga ingirici da harawa da karan dawa.

Manoma da yawa sukan jira sai ciyawa ta yi tsawo ta fidda kai kafin su sa mata lauje, don su sami damuna masu yawa. A lokacin kuwa amfaninta ya riga ya ragu ƙwarai. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, ranar da ciyawa irin su gamba za ta fidda kai ba ruwan sama ne ke yanke ta ba. Tsawon yini ne ke yanke ta, zafin gari kuma ya gaggauta ta ko ya jinkirta ta. Tun da tsawon yini ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara, manomi zai iya sanin lokacin yankan ciyawarsa tun kafin ya yi shuka.

Yadda tsiro ke auna yini

A shekarar 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da taba da waken soya. Sun lura cewa wani irin waken soya, ko an shuka shi da wuri ko an makara, kusan lokaci guda yake yin fure. Da suka riƙa shigar da tsiron cikin ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, sai ya yi fure da wuri. Daga nan aka kasa tsirrai gida uku: masu jiran yini ya gajarta, masu jiran yini ya tsawaita, da waɗanda ba ruwansu da tsawon yini.

Bincike na baya ya nuna cewa a haƙiƙa tsawon dare tsiro yake aunawa. A 1938 aka gano cewa idan aka haska fitila na ɗan lokaci a tsakar dare, tsiro mai jiran gajeren yini zai iya ƙin yin fure. Ganye ne ke yin wannan awo, ta hanyar wasu sinadarai masu jin haske da ke cikinsa. Idan dare ya kai tsawon da ake bukata, ganye yakan aika da saƙo zuwa ƙoƙon tsiro, wato wurin da sababbin ganyaye ke fitowa. Masana sun daɗe suna neman wannan saƙo, sai a 2007 aka tabbatar cewa wani ƙaramin furotin ne da ke bin jijiyoyin tsiro. Da zarar saƙon ya isa, ƙoƙon yakan daina ƙirƙirar ganye ya koma ƙirƙirar kai. Makonni kafin manomi ya ga kan a waje, aikin ya riga ya soma a cikin kara.

Potiskum tana kimanin digiri 11.7 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Yini mafi tsawo a nan, wajen 21 ga Yuni, yakan kai kimanin awa 12 da minti 48. Mafi gajarta, wajen 21 ga Disamba, kimanin awa 11 da minti 26 ne. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma duk wanda ya taɓa yin azumi a watan Yuni da kuma watan Disamba ya san akwai shi. Tsirranmu na gida sun fi mu lura da shi, domin ragin minti 15 zuwa 20 ya isa ya sa wasu irin dawa su ɗauki ciki.

Ciyawar rayigiras: misali daga ƙasashen sanyi

Ciyawar da aka fi yin nazarin wannan al'amari a kanta ita ce rayigiras, wadda masana ke kira Lolium. Ita ce ginshiƙin kiwon shanun madara a Ingila da Ayalan da Holan da Niyuzilan. Tana da laushi da daɗin ci, kuma tana da sinadarin gina jiki mai yawa. Wannan ya sa masu sha'awar kiwon zamani sukan tambayi malaman gona ko za ta yi a ƙasarmu.

Binciken J. P. Cooper a cibiyar kyautata iri ta Aberystwyth da ke yankin Wales, cikin shekarun 1950 zuwa 1960, da na O. M. Heide a ƙasar Norwe daga baya, ya nuna cewa rayigiras mai daɗewa, wato wadda ke yin shekaru a fili, tana da ƙofofi biyu da sai ta bi kafin ta fidda kai. Ƙofa ta farko ita ce sanyi. Sai ta yi makonni da dama, har zuwa wata uku a wasu irin, cikin sanyin da bai wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ba, galibi tare da gajeren yini. Ƙofa ta biyu ita ce dogon yini, wanda a mafi yawan irinta ya haura awa 13. Idan ba ta bi ta farko ba, ta biyu ba za ta buɗe ba. Hikimar wannan tsari a fili take: ciyawar da ta fidda kai kafin hunturun Turai, ƙanƙara za ta kashe 'ya'yanta. Don haka takan bari sai sanyi ya wuce, yini ya yi tsawo. A Aberystwyth yinin watan Yuni yakan kusanci awa 17.

Akwai kuma rayigiras ta Italiya, wadda ɗan sanyi kaɗan ya ishe ta, da wata ta shekara ɗaya mai suna Westerwolds, wadda ba ta bukatar sanyi ko kaɗan, sai dogon yini. Wata 'yar uwarsu mai suna Lolium temulentum, wadda Lloyd Evans ya yi shekaru yana nazari a Kanbera ta ƙasar Ostareliya, dogon yini guda ɗaya tak ya isa ya sa wani irinta ya soma ƙirƙirar kai.

Idan aka auna waɗannan sharuɗɗa da yanayin Potiskum, amsa ta fito. Ko a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yawanci wajen digiri 12 zuwa 14 yake, da rana kuma zafi ya koma kusa da 30. Yini kuwa ba ya kai awa 13 a duk shekara. Saboda haka rayigiras mai daɗewa ba za ta sami sharuɗɗan yin iri a nan ba. Bayan haka, ta fi girma ne a zafin da ke kusa da digiri 20, kuma takan sare idan ya haura 30. Mai yin ban ruwa zai iya samun ganye daga irin shekara ɗaya a watannin hunturu, amma zafin Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40, zai kawo ƙarshenta, kuma kowace shekara sai ya sake sayen iri daga waje. Ruwan da za ta sha ya fi dacewa a ba alkama ko masara ko lablab. A Afirka, wuraren da ta karɓu su ne masu sanyin gaske, kamar wasu sassan Afirka ta Kudu da tsaunukan Kenya.

Darasin da ke cikin labarin rayigiras shi ne, kowane iri yana ɗauke da lissafin ƙasar da ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Gamba da 'yan uwanta: masu jiran yini ya gajarta

Abokin gabar ciyawarmu shi ne rani. Don haka lissafinta kishiyar na rayigiras ne: takan yi ta ganye muddin yini na da tsawo, sai ya soma gajarta, alamar ruwa ya kusa ɗaukewa, sannan ta fidda kai.

Gamba, wadda masana ke kira Andropogon gayanus, ita ce babban misali. Binciken da P. B. Tompsett ya wallafa a 1976 ya nuna cewa takan yi fure sosai a yinin awa 12 ko ƙasa da haka, ta ƙi yi idan yini ya kai awa 14, kuma zafin da ya fi dacewa da furenta wajen digiri 25 ne. A yankinmu yini yakan sauko zuwa kimanin awa 12 da minti 20 a farkon Satumba, ya kai awa 12 cif a farkon Oktoba. Shi ya sa gamba kan soma miƙa kara cikin Satumba, ta fidda kai daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, irinta ya nuna wajen Nuwamba. Gwaje-gwajen da aka yi a Shika, kusa da Zariya, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take a yau, sun nuna cewa gambar da aka ɗebo daga arewa mai gajeriyar damina tana riga ta kudu fidda kai, ko da an dasa su a fili ɗaya.

Wannan ciyawa da muke gani a bakin gona ta yi suna a duniya. Irin da aka kai daga Shika zuwa ƙasar Kolombiya a 1973 shi ne aka fitar wa manoma a 1980 da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka shigar da ita don kiwo, ta bazu cikin daji tana haddasa gobara mai tsanani, har aka sanya ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012. Wannan ma gargaɗi ne game da ɗaukar iri daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da gwaji ba.

Manomanmu sun daɗe da sanin wannan ilimi a aikace. Gero yakan fidda kai idan kwanakinsa sun cika, amma maiwa takan tsaya sai yini ya gajarta. Haka dawa irin su kaura da farafara. A 1968 D. L. Curtis ya wallafa binciken da ya nuna cewa dawar gargajiya ta kowane yanki a Nijeriya tana fidda kai ne daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankin. Waken Kanannado ma haka yake: yakan yi ta yaɗo sai ƙarshen damina ya yi fure, abin da ya sa harawarsa ke da yawa. Kyasuwa, wadda ita ce mafi yawan abin da ake yanka don ingirici a ƙasar Potiskum da Nangere da Fika, ita ma a ƙarshen damina take fidda jan kanta.

Aikin zafi da sanyi

Tsawon yini ne ke ba da izini, zafi kuma shi ke tsara saurin tafiya. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata malamin gona ya riƙe.

Na farko, tsiro yana da lokacin ƙuruciya wanda ba ya jin saƙon yini a cikinsa. Sai ya yi wasu ganyaye tukuna. Ɗumi yana gajarta wannan lokaci, sanyi yana tsawaita shi.

Na biyu, ciyayin ƙasarmu sukan rage girma ƙwarai idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 15. Wannan ne ya sa gamba ba ta yin wani abin kirki a Disamba da Janairu ko da ana yi mata ban ruwa, amma takan yi toho da zarar gari ya ɗumama.

Na uku, sanyi ko zafi mai tsanani a lokacin fure yana lalata garin furen da ke sa ƙwaya ta ƙullu. Dawar da ta makara har ta yi bununi cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 13 takan fito da zangarniya marar ƙwaya. Wake kuma yakan zubar da fure idan dare ya yi zafi da yawa. Alkamar da ake nomawa a ƙasarmu ba ta bukatar dogon sanyi kafin ta fidda kai, amma idan aka wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba a shuka ta ba, zafin Maris zai riske ta ƙwaya ba ta cika ba.

Na huɗu, irin da ke jiran gajeren yini, idan aka shuka shi a noman rani, zai tarar yini ya riga ya gajarta. Sai ya yi fure yana ɗan ƙarami, ba ganye ba kara. Wanda ya shuka Kanannado a fadama cikin Disamba da niyyar samun harawa ba zai sami abin da ya saba samu da damina ba.

Abin da fidda kai ke yi wa darajar ciyawa

Da zarar ciyawa ta soma miƙa kara, abincin da ke cikin ganye yakan koma zuwa kai da saiwa. Kara ya yi tauri, ganyen ƙasa ya bushe ya zube. Gamba mai ɗanyen ganye takan ƙunshi sinadarin gina jiki kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na busasshen nauyinta. Idan ta tsufa ta bushe a tsaye, yakan sauka ƙasa da kashi 3. Saniya kuwa tana bukatar aƙalla kashi 7 kafin ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su iya narkar da ciyawa yadda ya kamata. Idan abinci ya gaza haka, dabba takan rage ci, ta rame, nono ya ƙafe, ko da kuwa ciyawa na jibge a gabanta. Dami biyar na ciyawar da aka yanka kan kari sun fi goma na wadda ta zama kara.

Shawarwari ga manoma da makiyaya

1. A shuka ko a dasa gamba da wuri, da zarar ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Jinkirin shuka ba ya ɗaga ranar fidda kai sai kaɗan. Abin da yake yi shi ne rage kwanakin yin ganye.

2. A kasa filin ciyawa kashi uku: babban kaso don ingirici, ƙaramin kaso don iri, wani kuma don karan zana. Kowanne da lokacin yankansa, kuma fili ɗaya ba zai ba da ukun a yanka guda ba.

3. A yanki ciyawar ingirici lokacin da ta ɗauki ciki, kafin kai ya fito. Daga farkon Satumba a riƙa tsaga kara ɗaya ko biyu da farce duk mako. Idan aka ga ɗan kai a ɓoye cikin kara, lokaci ya yi. A yankin Potiskum wannan yakan faɗo ne daga tsakiya zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da marka ta wuce kuma ana samun kwana biyu ko uku babu ruwa.

4. A bar tushen gamba mai tsawon santimita 15 zuwa 20, wato kimanin taƙi guda, don ta sake toho.

5. A shanya ciyawar kwana biyu zuwa uku ana juya ta, a ɗaure, a ajiye a kan rumfa ko dandamali mai inuwa inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Ingirici mai kyau yana riƙe da korensa da ƙamshinsa.

6. Kason iri kada a yanke shi ko a sa dabbobi a ciki daga watan Agusta. A girbe kan idan ƙwaya ta soma zuba, a tara shi a inuwa 'yan kwanaki, sannan a kakkaɓe. Sabon irin gamba ba ya tsirowa sosai sai ya kwanta na wasu watanni, don haka a adana shi a busasshen wuri zuwa damina mai zuwa.

7. A nemi iri ko tushiya daga wurin da daminarsa ta yi daidai da ta nan. Irin da ya fito daga kudu mai doguwar damina zai ba da ganye, amma ruwa zai ɗauke kafin ya yi ƙwaya. Haka lablab: irin Rongai yana makara wajen fure, irin Highworth kuma yana riga shi da makonni, don haka shi ya fi dacewa ga mai son tara iri a nan.

8. A yi lissafin waɗannan ayyuka da watannin Boko. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, tsawon yini kuwa da tafiyar rana yake.

Aikin malaman gona

Ana bukatar kowane malamin gona ya buɗe ɗan littafi don ƙauyukan da yake kula da su. A ciki ya rubuta sunan iri, da inda aka samo shi, da ranar shuka, da ranar da rabin filin ya fidda kai, da ranar ruwan ƙarshe. Bayan damina uku zai ga cewa ranar shuka na yawo, ranar fidda kan gamba da maiwa da kaura kuwa ba ta motsawa sai kaɗan. Wannan rana ita ce zai riƙa sanar da manoma da ita tun makonni biyu kafin ta zo.

Haka kuma, gani ya kori ji. A ware ɗan fili a bakin hanya, a yanki rabi a tsakiyar Satumba, rabi a ƙarshen Oktoba, a ajiye su daban. Idan bazara ta yi, a zuba wa tumaki duka biyun a gaban jama'a, a bar su su zaɓa. Kafin a yarda da kowane baƙon iri da 'yan kasuwa suka kawo, a tambayi ƙasar da ya fito da tsawon yinin da yake bukata, a gwada shi a ƙaramin fili, sannan a tuntuɓi Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Yobe, ko Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, ko cibiyar Shika.

Kammalawa

Rayigiras tana jiran sanyi da dogon yini, abubuwa biyu da ƙasar Potiskum ba ta da su. Gamba da maiwa da kaura da Kanannado suna jiran yini ya gajarta, kuma yakan gajarta a lokaci guda kowace shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Manomin da ya san haka zai shuka da wuri, ya zaɓi irin yankinsa, ya kuma wasa laujensa tun farkon Satumba. Da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa wa dabbobinmu albarka.